Ruhewar babana da bakina da ya rufe

Daga Admin: Wata uwa ce ta aiko mana da wannan ta hannun maƙwabciyarta, ta ce a sakaya sunanta da na garinsu. Tsohuwa ce ƙwarai, a yi mata magana da ladabi.

Salama a gare ku 'ya'yana da jikokina na wannan zaure, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da damina. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba, maƙwabciyarmu ce take rubuta abin da nake faɗa a wayarta, na ce mata kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo mini ta jira ni. Don girman Allah ku taimaka mini da shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zancen, tsohuwa ba ta iya faro magana daga tsakiya ba.

Abin da ke damuna shi ne, tun ranar da aka binne maigidana ban yi addu'a ni kaɗai ba. Wannan ce damina ta biyu. Ina zuwa majami'a, in ana waƙa ina bi, in Fasto ya yi addu'a ina cewa amin da ƙarfi, in jikokina sun taru kan abinci ina sunkuyar da kai tare da su. Amma ni da Ubangiji mu biyu, yadda na saba tun ina yarinya, wannan ya tsaya cak. In na zauna zan fara sai in ji harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Sai in tashi, in ninke zannuwana, in warware su, in fita tsakar gida, in dawo, in sake zama. Wuni guda ba na samun wurin da zan ajiye jikina. Na san na kusa tafiya, kuma ba na so in je gabansa da baki a rufe.

Bari in gaya muku inda abin ya samo asali. Garinmu ƙaramin ƙauye ne a cikin duwatsu tsakanin Buza da Keita, manoman hatsi da dawa ne, duka Musulmi. An ce an haife ni bayan shekarar da fara ta cinye gonaki, zamanin Faransa. A lokacin bodo, wato harajin kai, ya yi wa mutane nauyi, ga aikin dole, sai babana ya bi samarin gari ci-rani zuwa ƙasar Ingilishi, har wajen haƙar kuza a Jos. Can ciwo ya kama shi, abokan tafiyarsa suka dawo suka bar shi, waɗansu masu bi ne suka ɗauke shi suka yi jinyarsa har ya miƙe. Da ya dawo gida, ya dawo da bargo ɗaya, da tabo a ƙafa, da sunan Yesu a bakinsa. Bai iya karatu ba, ba shi da littafi, ba majami'a ko kwana nawa za ka yi kana tafiya, ba wani mai bi a duk ƙasar sai shi. Abin da ya riƙe daga koyarwar da aka yi masa kaɗan ne, amma ya riƙe shi da haƙori. Babba a ciki shi ne, kowace rana mutum ya shiga wuri shi kaɗai, ya rufe, ya yi magana da Ubansa na sama.

To, a gidanmu na wancan lokaci ina wurin da ake rufewa? Ɗakunanmu ba su da ƙyaure, asabari ne kawai ake saki, kaza ta shiga, akuya ta shiga, maƙwabciya ta leƙo neman wuta. Baba ya duba gidan nan kaf, abu ɗaya ya gani mai murfi, shi ne ruhewa. Ku 'yan birni wataƙila ba ku san ta ba, rumbun ƙasa ne irin namu na Adar, babba mai ciki kamar tulu, a zaune kan duwatsu, ba ta da ƙofa, ta sama ake shiga, a ɗaga jinkan da ke rufe bakinta. Sai ya zama kullum da hantsi, in ya sha fura, Baba ya jingina tsani ya hau, ya zura ƙafafu, ya ja jinkan ya rufe kansa. Da kaka, lokacin da dammunan hatsi suka cika ta, can sama yake tsugunawa, har muna jin muryarsa ƙasa-ƙasa. Rani yana tafiya hatsi yana sauka, shi ma yana sauka, kafin bazara sai da igiya yake kaiwa ƙasa, kuma a lokacin ne ya fi daɗewa a ciki.

Mutanen gari ba su bar shi ba. Suka sa masa suna Na-ruhewa. Wasu suka ce ya zo da iskar kudu ya ajiye ta a ciki yana ba ta jini, wasu suka ce ciwon da ya yi ne ya taɓa masa kai. Yayansa ya zo ya yi masa faɗa, ya ce in ya bar salla shi da Allah, amma ya daina ba su kunya, mutum da gemunsa yana hira da hatsi. Innata ba ta bi addinin Baba ba har ta koma ga Allah, tana sallarta, amma ba ta taɓa bari a zage shi a gabanta ba. In mata sun tsokane ta a rijiya takan ce, nata mijin dai ta san inda yake da hantsi, su fa?

Sai zamanin babban yaƙin Turawa ya zo, kumandan ya matsa kowane gida ya kai hatsi rumbunan gwamnati. Mutane suna ɓoyewa, gardawan kumandan, dogaransa masu jar hula, suna bi gida-gida. Wani ya kai tsegumi cewa Na-ruhewa ya haƙa rami a ƙarƙashin ruhewarsa, shi ya sa yake shiga kullum yana duba abinsa. Suka zo da hantsi yana ciki. Ina tsaye riƙe da zanen Inna, ɗayansu ya hau tsani ya yaye jinkan, ya tarar da shi a durƙushe kan ɗan ragowar zangarniya. Suka fito da shi, suka zuba komai waje, suka bubbuga gindin da sanda, ba rami. Kunya ta sa ba su iya komawa hannu wofi ba, sai suka ce tunda yana da lokacin zama a rumbu, yana da lokacin fasa dutse, suka rubuta shi cikin masu aikin hanyar Tawa, washegari za a tafi.

Da safen tafiyar ya kira ni. Ban fi ɗaukar ƙaramin tulu ba a lokacin, haƙorana na gaba ba su gama fitowa ba. A al'adarmu mace ba ta leƙa ruhewar mijinta, amma ɗiya ƙarama ana zura ta ta miƙo hatsi. Ya ɗaura mini igiya a ƙarƙashin hammata, ya hau da ni, ya zura ni a hankali har ƙafafuna suka taɓa ƙasa. Ciki da duhu da sanyi, da ƙanshin tsohon hatsi da toka. Ya leƙo daga sama ya ce, “Ɗiyata, ba na so wurin nan ya wuni ba a yi magana a ciki ba har in dawo.” Na fara kuka, na ce ban san abin da ake cewa ba. Ya ce, “In kin dawo daga rijiya me kike yi wa innarki?” Na ce ina ba ta labarin abin da na gani. Ya ce, “To haka za ki yi masa. Ki gaishe shi, ki faɗa masa abin da ya faru, ki faɗi abin da ke ba ki tsoro, ki gama da sunan Yesu. Ya riga ya sani, amma yana so ya ji daga bakinki.” Sai ya ja jinkan ya rufe.

Addu'ata ta fari ke nan a duniya. Na ce, ina kwana. Na ce an tafi da Baba fasa dutse, akuyarmu mai kunnen tsage ta haihu, ɗaya ya mutu, ni kuma ina tsoron duhu. Muryata ta bugi bangon ta dawo mini kunne, kamar wani ya karɓa. Washegari da hantsi, tun ban roƙa ba, sai ga Inna da igiya a hannu. Ta ce, “Ni ba na cikin sha'aninku ke da ubanki, igiya kawai zan riƙe. Hau.” Ta hau tsani fuskarta a juye don kada ta ga ciki, ta zura ni, ta rufe, ta tsaya a ƙasa tana tsinke zogale har na ja igiyar. Haka muka yi kullum har Baba ya dawo, ya rame, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Abin da ya fara tambaya bayan ya sha ruwa shi ne ko wurin ya wuni shiru. Inna ta ce, “Shiru? Ɗiyarka ta fi ka surutu.”

Bayan yaƙi ya ƙare wani mai bishara ya biyo ta garinmu a kan jaki, mutumin kudu, ya ji labarin akwai mai bi ɗaya a cikin duwatsu. Ya kwana biyu a gidanmu. Da ya ga Baba yana hawa tsani ya tambaya, aka faɗa masa, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ba haka ake nufi ba, ko gindin itace, ko bayan gona, duk inda mutum ya keɓe Ubangiji yana jinsa. Baba ya saurara har ya gama, ya ce, “Na yarda, Malam. Nuna mini wuri ɗaya a gidan nan da akuya ba ta shiga, in koma can.” Malamin ya duba, a lokacin ma wata tana cin igiyar jakinsa. Kafin ya tafi shi ma sai da ya shiga, ya fito ya ce a bar Baba da wurinsa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani tun ina yarinya cewa Allah ba a cikin laka yake zaune ba.

Maigidana maraya ne daga wajen Keita, malamin nan ne ya turo shi wurin Baba don su zama biyu, ya yi noma a gidanmu, aka ba shi ni, da yardata. Ƙanena ɗaya namiji ya girma ya bi salla tare da dangin Baba, ba wanda ya hana shi, muka raba gidan da danga. Kafin Baba ya rasu ya faɗa a gaban kowa cewa hatsin ruhewa na gida ne duka, amma hantsinta nawa ne. Sau biyu ruwa yana rushe ta, ana sake gina ta a kan duwatsun nan na Baba. A cikinta na faɗa wa Ubangiji duk abin da ya same ni. Cikin da na yi, 'ya'yan da na binne, shekarun yunwa, ranar da na yi wa maigidana baƙar magana, ranar da autana ya ci jarrabawa. Maigidana shi a gona yake tasa addu'ar, yana tafiya yana yi, amma shi ne mai riƙe mini tsani.

Da gwiwoyi suka ƙi, hawa ya gagare ni. Sai na koma zama a gindinta ta wajen inuwa, in jingina goshina da bangon, in yi maganata a hankali. Shi kuma ya ɗauko kujerarsa ya zauna nesa kaɗan yana tufka igiya, yana korar kaji da yara. Duk wanda ya yi sallama yana nemana, ko da yana ganina ƙuru-ƙuru a zaune, sai maigidana ya ce, “Tana ciki, sai ta fito.” Har 'yan gari suka saba, mace ta zo aron turmi ta gan ni, ta ce, a'a, tana ciki, in dawo. Shekaru muka yi a haka. Mutumin nan ya zama mini murfi.

Ya rasu da sanyin safiya bayan gajeren ciwo. Masu bi suka zo daga Madawa da mota aka binne shi, kuma a motar nan aka sa ni a ranar, autana ya ce ba zai bar ni a ƙauye ba namiji. Ban ko je gindin ruhewar ba, mutane sun cika gidan, aka tattara mini kaya a buhu. Yanzu ina gidansa a Madawa, gidan siminti da kwano, da famfo, da lantarki. Ba abin da na rasa. Surukata mutuniyar kirki ce, ita take dama mini fura da hannunta, kada wani ya zarge ta a kan wannan.

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Ɗakin da nake kwana mu huɗu ne da jikoki, kuma talabijin ba ta mutuwa a falo. Na lulluɓa da bargo, zafi ya kore ni. Surukata ta share mini ɗakin ajiya, na shiga na rufe, ga buhunan shinkafa, ga firiji yana gurnani kamar zai yi magana, na zauna ina sauraronsa har aka ƙwanƙwasa ana neman mai. Autana ya ce in shiga motarsa ya rufe gilashi, na shiga don kada ya ji haushi, warin isansi, man motar, ya hau mini kai, yaran unguwa suka kewaye suna leƙe. Na sa aka kai ni majami'a ranar da ba kowa, wurin ya yi mini faɗi, na ce ina kwana, muryar ta tafi can wajen rufi ba ta dawo ba. Na tsaya nan, ban iya ƙara ko kalma ɗaya ba.

Na kai kukana wurin Fasto. Ya saurare ni da kyau, yaro ne mai hankali. Ya ce, Iya, ki yi hattara kada ki ɗaure Ubangiji a jikin ginin laka, abin da ya fara da kyau yana iya zama gunki mutum bai sani ba. Ya ce baƙin ciki ne ya rufe mini baki, zai wuce, in riƙa maimaita addu'ar da muke yi tare a majami'a har tawa ta dawo. Ina maimaitawa. Amma wannan kamar gaisuwar kan hanya ce, ni kuwa na saba shiga in zauna in ba da labari. Maganar gunkin nan ta tsaya mini a rai, tun ranar nake juya ta. Na roƙi autana ya sa a gina mini 'yar ƙaramar ruhewa a bayan gida, ya ce gidan haya ne, kuma me maƙwabta za su ce in sun ga tsohuwar Kirista tana magana da tulun laka, a garin da dama ana sa mana ido.

Ana nan sai ranar kasuwar da ta wuce ɗan ƙanena ya zo gaishe ni. Shi ne yake noma gonakinmu yanzu tun da ubansa ya rasu, hatsinsa ne a ruhewar. Musulmi ne mai riƙo, har ana ce masa liman ƙarami. Ya dube ni ya ce, “Gwaggo, kin lalace. Ba sa ba ki abinci ne, ko birnin ne bai karɓe ki ba?” Na ce abinci har ya yi yawa. Ya matsa, sai na faɗa masa, ina kuka. Yana wasa da carbinsa ya ce, “Ruhewar ta kusa zama wofi, ragowar bara kaɗan ne. In kin yarda ki dawo, zan fasa mata ƙofa ta ƙasa daidai tsawonki, in sa ƙyaure, in shimfiɗa miki tabarma. Ba hawa ba igiya. Ki shiga ki ja abinki.” Na ce, kai yaro, ka san ruhewar da aka fasa wa ƙofa ta tashi daga aiki, ɓera da gara da danshi ba za su bar ko zangarniya ɗaya ba. Ya ce ya sani, bana zai yi rumbun kara ya lallaɓa, da rani ya gina sabuwa. Ya ce, “Babana ya yi salla, Kaka ya yi ruhewa, danga ɗaya ce tsakaninsu, ban taɓa jin wani ya hana wani ba. Kuma Kaka ya ce hantsinta naki ne, ni shaida na ji daga bakin babana.” Amma ya ce in ba shi amsa kafin a fara yanka, hatsi ya riga ya yi kai, in dammuna suka shiga an rufe ke nan sai wata shekara.

Da na gaya wa autana, ransa ya ɓaci irin yadda ban taɓa gani ba. Bai ɗaga mini murya ba, amma ya ƙi cin tuwo. Ya ce a can ba likita, in korama ta kawo ko mota ba ta shiga, in na faɗi wa zai ɗauke ni. Ya ce mutane za su ce ya kori uwarsa. Ya ce babu mai bi ko ɗaya da ya rage a garin, ba mai kai ni sujada, kuma in ajali ya same ni a hannunsu kafin labari ya iso Madawa, wa ya san abin da za su sa a bakina, wa ya san yadda za su binne ni. Na ce ɗan ƙanena ba zai yi haka ba, ya ce shi ba zai yi ba, sauran gari fa? Ƙarshe ya ce abin da ya fi yi mini ciwo, ya ce, Inna, ba Allah kike nema a can ba, babana kike nema, kuma ba za ki same shi a kan kujerar nan ba. Ni kaina ban san ko ƙarya ya faɗa ba. Tun ranar muna gaisawa kawai, surukata tana kai da kawo a tsakaninmu kamar mai kashe gobara.

Ga inda na tsaya, 'ya'yana. In na zauna, ina da magani da majami'a da jikoki, kuma ɗana zai kwana da kwanciyar rai, amma ina tsoron kwanakin da suka rage mini su ƙare a haka, ina ninke zannuwa. In na koma, na saɓa wa ɗan da ya ɗauke ni, na ɓata wa ɗan ƙanena ruhewar da 'ya'yansa ke ci daga ciki, rumbun kara kuwa kowa ya san rabonsa da ɓera. Kuma abin da ya fi tsorata ni, a fasa ƙofar, in shiga, in ja ƙyaure, in ce ina kwana, bakin ya ƙi buɗewa a can ma. In haka ta faru na rushe abin Baba a banza, ba ni da sauran wurin da zan ce da can ne da na iya.

Ku da kuka yi karatu, ku gaya mini gaskiya, son wurin nan gunki ne kamar yadda Fasto yake tsoro, ko kuwa mutum yana da izinin ya nemi inda ya saba? Akwai wanda bakinsa ya taɓa rufewa bayan rashi, yaya ya yi ya buɗe? In koma kafin a yanke hatsi, ko in haƙura in aika wa ɗan ƙanena ya zuba dammunansa?

Maƙwabciyata ta tambaye ni yanzu, in bakin ya buɗe me zan fara roƙo. Ba roƙo ba ne. Tun daga akuyar nan mai kunnen tsage ba abin da ya faru a gidanmu da ban kai masa labarinsa ba, sai abu ɗaya. Fasto ya faɗa masa a bakin kabari, 'ya'yana sun faɗa masa, na san ya riga kowa sani. Amma ni har yau ban gaya masa da bakina cewa maigidana ya rasu ba.

Ku ba ni shawara tun hatsi yana gona.